Kayan Farauta da na Kwanan Daji: Abin da Rani Ɗaya Ya Nuna a Andarai

Ruwan farko ya sauka a ƙasar Gwandu, maharba sun rataye kwari sun ɗauki fartanya. A irin wannan lokaci ne ya kamata mai kaya ya baje kayansa a tabarma ya duba abin da ya jure da abin da ya gaza, tun bai manta wahalar da kowane ya ba shi ba. Rangadin duba makarantu ya kai ni Andarai ta ƙasar Maiyama sau uku cikin ranin da ya wuce, har na kwana daji sau biyu tare da waɗansu maharban garin, da nawa kayan na kanti, su kuma da nasu na gado. Ga abin da idona ya gani, ina fata zai amfani malaman makaranta da akawunan da aiki kan kai su ƙauye, da iyayen samarin da ke bin farauta.

Bari in fara da bindiga, gama ita ce wadda kuskurenta ba ya gyaruwa. Harba-rugar da ke hannun yawancin maharbanmu ƙirar maƙeran gida ce. Wata an yi bakinta da ƙarfen sitiyarin mota, wata kuwa da bututun ruwa. Bambancin ba ƙarami ba ne. Bututun ruwa na kasuwa galibi naɗe ƙarfe a ke yi a like shi, saboda haka yana da ɗinki tun daga kai har gindi, kuma ba domin ya riƙe wutar albarushi a ka yi shi ba. Ga shi kuwa tokar albarushi tana jan raɓa. In an yi harbi a ka jingine bindiga ba a wanke cikinta da ruwan zafi ba, a busar, a shafa mai, to tsatsa za ta riƙa cin ta daga ciki alhali bayanta yana ƙyalli. Wani saurayi daga cikin waɗanda mu ka kwana tare, bindigarsa ta tsage masa a hannu bayan mun rabu da mako biyu, ya rasa yatsu biyu. Da na ga gutsuren ƙarfen, sai na tarar wurin da ya fashe bai fi kaurin farce ba. An kuma ce ɗuri biyu ne a ciki, ya manta ya yi na farko da asuba.

Tsohon da ke jagorancinsu yana da wata dabara wadda ban ga dalilin da zai hana kowa koyi da ita ba. Ya tsaga alama a jikin sandar ɗurinsa daidai inda ta ke tsayawa in bindiga ba kome ciki. Kafin ya zuba albarushi sai ya zura ta. In alamar ta tsaya sama da baki, to akwai ɗuri, ko kuwa zanzaro ya yi gini a ciki. Tasa bindigar ta girmi saurayin nan, har yau tana nan lafiya.

Baka da kibiya ba su da dogon bayani. Tsirkiya biyu su ka tsinke cikin hunturu saboda bushewa, a ka ɗaura waɗansu nan take. Abin tsoro a nan shi ne dafi, wanda a kan haɗa da ƙwanƙwani, shi kuwa zuciya ya ke tsayarwa. Kwarin da murfinsa ya sassauta bai kamata ya kwana ɗakin da yara ke shiga ba. Kere da barandami kuwa sun koma gida kamar yadda su ka fita, sai dai ƙota ɗaya da gunda ta ci.

Sai ruwan sha. Na tafi da jarkar roba mai lita 10, watau nauyin kilo 10 ke nan a bayan yaron da ya ɗaukar mini, su kuma da salka da goruna. Da azahar ta yi, ruwana ya zama kamar na wankan jego, har da warin roba. Na salka kuwa da sanyinsa, domin fatar tana tsatsafowa kaɗan kaɗan, iska na busar da jiƙon tana tafiya da zafin, kamar dai yadda randa ta ke yi. Malaman da ke koyar da kimiyya ga darasi nan kyauta. Amma kada in yi wa jarka rashin adalci. Ta faɗi daga kan jaki ba ta fashe ba, gora ɗaya kuwa ya tafi a wannan faɗuwar, kuma jarka tana wankuwa da sabulu, salka ba ta yi. Daga baya na ɗinke tawa cikin buhun algarara ina jiƙa shi, ta ɗan yi dama. Ko a wace a ka zuba, ruwan tabkin da shanu su ka shiga sai an tafasa shi. Ban tafasa ba a kwana na farko, cikina ya ba ni labari kwana uku.

Takalmi shi ne abin da na fi yin asara a kai. Na sayi wani mai laushin ƙasa a kasuwar Jega saboda kyaun gani, farar ƙaya ta huda shi tun kafin hantsi, ƙarangiya kuma ta cika safata. Takalman taya na maharba ba abin da ya same su, har na ji kunya. Duk da haka ba zan yaba musu gaba ɗaya ba, domin idon sawu a buɗe ya ke, kububuwa kuwa a nan ta ke sara, musamman da magariba da farkon damina. Guntuwa ce, launinta na ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa. Takalmi mai tsawo zuwa ƙwauri yana da zafi, amma shi ne daidai ga mai tafiyar dare. In kuwa tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a kai shi asibiti inda a ke da allurar dafin maciji.

Fitilar goshi mai caji ta shiga hannun kowane saurayi. Dare na farko haskenta kamar na mota, dare na biyu sai ja, a daji kuwa ba inda za a caja ta. Cikin huɗu da na gani, biyu maɓallinsu ya mutu da ƙurar hunturu. Tocila mai batir ta fi ta riƙon amana ga mai kwana biyu. Ni dai ban so ganin ana dallare idon gada da ita ba, gama fitila ba ta bambanta mai ciki da namiji, tsofaffin kuma da kansu su ke faɗin yadda nama ya ragu tun da gonaki su ka cinye kurmi.

Wajen kwanciya nawa kayan su ka rama. Tantina dai bai yi amfani ba, zafi ciki kamar tanda, zif ɗinsa kuma ya cije da yashi. Amma gidan sauro mai magani da na rataya tsakanin itatuwa biyu kusa da fadama ya sa na yi barci su suna fama da hayaƙi. An yi irinsa ya kai wajen shekara 3 ko wanki 20, muddin a inuwa a ke shanya shi. Bargon saƙi ya fi na kanti tare sanyin asuba, tartsatsin wuta kuma bai narkar da shi ba. Burgami da warki ba su bukatar kome sai man kaɗe, a rataye su nesa da bango saboda gara.

Akwai wani kaya da ba ya da nauyi, na kuwa tarar mutum biyu kaɗai cikin ayarin ke da shi, watau takarda. Dokar makamai ta 1959 ta sa harba-ruga cikin makaman da hukuma ke da ikon neman lasisi a kansu, Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 kuma ta ware dabbobin da ba a taɓawa sai da izini. A da a kan ɗauki wannan maganar akawu ce kawai. Amma daji ya canja. A watan Maris na 2025 an kashe maharba 16 a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa Kano yin salla, bayan an ga bindigoginsu a mota an ɗauke su masu satar mutane. Ba na cewa takarda za ta tsai da taron da ya riga ya fusata, amma mai bindiga a daji yau tilas a tambaye shi ko shi wane ne. Akawun da ya san hanyar ofis ya taimaki maharban garinsu su sami lasisi da katin shaida tun cikin damina, su kuma sanar da hakimi da 'yan sanda inda za su kafin su fita. Na bar wa shugaban makarantar garin wannan saƙo, tare da roƙon ya ƙidaya mini yaran da su ka bar aji su ka bi farauta bana, in na koma bayan kaka in karɓa.