Mashigin da Ido ba ya Gani: Yadda Saƙo ke Tafiya cikin Jijiyoyi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci ranar Babbar Salla, lokacin da ake sassare ƙashin bayan rago, ya ga wani farin abu mai taushi kwance cikin ramin ƙashin tun daga wuya har zuwa ƙugu. Wannan ita ce laka. Idan aka lura da kyau, za a ga waɗansu fararen zarurruka suna fita daga jikinta biyu-biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, suna nutsewa cikin nama. Su ma jijiyoyi ake ce da su. To, a nan ya kamata ɗalibin kimiyya ya yi hattara, domin kalmar jijiya ta ɗauki kaya da yawa a Hausa: da wadda jini ke gudana a cikinta, da wadda ke ɗaure tsoka ga ƙashi irin agara, da kuma wannan farin zaren, duk sunansu ɗaya. Ta ukun, wadda aikinta shi ne ɗaukar saƙo, ita ce abin magana a nan.

A jikin ɗan Adam, irin waɗannan jijiyoyi tagwaye 31 ne ke fita daga laka, tagwaye 12 kuma daga ƙwaƙwalwa. Waɗansu zarurrukan da ke cikinsu suna kawo labari daga fata da ido da kunne, waɗansu suna kai umurni ga tsoka, waɗansu kuwa suna kula da bugun zuciya da motsin hanji da fitar gumi ba tare da mutum ya sani ba. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: shin zaren nan a haɗe yake tun daga yatsa har ƙwaƙwalwa, kamar wayar lantarki, ko kuwa gutsure-gutsure ne da aka jera? Ga alama ƙaramar tambaya ce, amma a kan amsarta aka gina sanin yadda magunguna da guba masu yawa ke aiki a jiki.

Mai rini da mai zane

Wahalar da masana suka sha ita ce, idan aka yanki ƙwaƙwalwa aka sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba a ganin kome sai cunkoso, kamar mai neman bin reshe guda a cikin sarƙaƙiya. A shekarar 1873 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, wanda ya mai da ɗakin girki na wani asibiti kusa da birnin Milan wurin bincikensa, ya gano wani irin rini mai sinadarin azurfa. Abin mamakin rinin shi ne ba ya kama ƙwayoyin halitta duka. Yakan zaɓi 'yan kaɗan ya baƙanta su ƙirin tun daga tushe har ƙarshen rassa, ya bar sauran fayau. Da haka aka fara ganin cikakkiyar siffar ƙwayar jijiya, wadda ake kira niyuron. Sai dai shi Golgi ya tsaya a kan ra'ayin da ke tashe a zamaninsa, watau cewa rassan nan duk sun narke cikin juna sun zama raga guda ɗaya.

A 1887 rinin ya isa hannun wani malamin jami'a ɗan Sifen, Santiago Ramón y Cajal. Tun yana yaro zane yake so, har mahaifinsa ya gaji da shi ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalma kafin daga baya ya shiga karatun likita. Dabarar da ya ƙara mai sauƙi ce: maimakon ya tunkari kurmi da ya riga ya cika, sai ya je inda itatuwa ke tsirowa. Ya riƙa rina ƙwaƙwalwar 'yan tsaki tun suna cikin ƙwai da ta jariran dabbobi, inda rassa ba su yi yawa ba, yana zana abin da ya gani. Ko'ina ya duba, sai ya ga reshen wata ƙwaya ya je dab da wata ya tsaya, ba su narke cikin juna ba. Ya kuma fahimci cewa saƙo hanya ɗaya yake bi: yana shiga ta gajerun rassa, ya fita ta dogon reshe.

A 1906 aka raba wa mutanen biyu lambar yabo ta Nobel. A birnin Sitokholm, Golgi ya yi amfani da jawabinsa wajen sukar ra'ayin abokin rabonsa, kashegari kuma Cajal ya tashi ya kare nasa. Babu wanda ya iya nuna wa ɗan'uwansa hujjar ƙarshe, saboda madubin zamanin bai kai ya nuna ko akwai rata tsakanin ƙwayoyin ba. Golgi ya rasu a 1926, Cajal a 1934, sai a tsakiyar shekarun 1950 madubi mai aiki da ilektaron ya nuna ratar ƙuru-ƙuru. Faɗinta nanomita 20 zuwa 40 ne, watau silin gashin kai ɗaya ya fi ta kauri wajen sau dubu biyu ko fiye. Cajal ne ke da gaskiya. Amma kada a yi wa Golgi dariya: da rininsa aka kayar da shi, kuma a ƙarshen shekarun 1950 an gano cewa akwai 'yan wurare da ƙwayoyi ke manne da juna lantarki na ratsawa kai tsaye.

Ƙwaya mai jela

Niyuron tana da sassa uku. Akwai gangar jiki inda cibiyar ƙwayar take, akwai gajerun rassa masu karɓar saƙo, sa'an nan akwai doguwar jela guda ɗaya mai fitar da shi, wadda ake kira akzon. Farin zaren da ake gani a jikin laka damin irin waɗannan jeloli ne, dubbai a ɗaure wuri ɗaya. Ƙwayar da ke motsa babban yatsan ƙafa gangarta na cikin laka, jelarta kuwa ta kai kimanin mita guda. Da za a ƙara girman gangar ta kai lemo, da jelar ta yi tafiyar kilomita guda ko fiye. Wannan ne ya sa cutar shan-inna ke shanye ƙafa alhali ƙwayar cutar ba ƙafar ta ci ba: gangar ta kashe can cikin laka, jela ta mutu, tsoka ta rasa mai ba ta umurni ta motse.

Binciken da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka yi a Brazil a 2009 ya nuna cewa ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da niyuron kimanin biliyan 86. Mai ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shekara fiye da 2,700 kafin ya gama.

To, mene ne saƙon kansa? Lantarki ne, amma ba irin na waya ba. Tun a 1850 Hermann von Helmholtz na Jamus ya auna gudunsa a jijiyar kwaɗo ya sami wajen mita 30 a daƙiƙa, abin da ko kusa bai kama ƙafar gudun wutar waya ba. Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila ne suka warware sirrin a 1952, da taimakon wata halittar teku mai suna sikwid, wadda akzon ɗinta ke da kaurin da za a iya zura siririyar waya a ciki. Ƙwayar jijiya kullum tana famfon sinadarin sodiyam, irin na gishiri, zuwa waje, tana jawo fotasiyam ciki, har a sami bambancin lantarki na kimanin milivolt 70 tsakanin ciki da waje. Ta zama ƙaramin batir ke nan da ke jiran aiki. Idan aka tsokane ta, sai ƙananan ƙofofi da ke jikin tantaninta su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, wannan ya sa ƙofofin gaba su buɗe, su kuma su buɗe na gabansu. Kamar wutar daji ce a busasshiyar ciyawa: kowane tsiro shi ke kunna na kusa da shi, saboda haka wutar ba ta raguwa don nisa, ba ta kuma komawa inda ta riga ta cinye. Bambancin kawai shi ne ciyawar jijiya takan sake tsirowa cikin kaso kaɗan daga dubu na daƙiƙa. Wannan famfo na cikin dalilan da suka sa ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, ke cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na makamashinsa.

Kowane bugu girmansa ɗaya ne, ko ya tashi ko bai tashi ba. Abin da ke bambanta shafa da mari shi ne yawan bugun a daƙiƙa da yawan jijiyoyin da suka motsa, kamar yadda makaɗi ke isar da magana da saurin kiɗa. Gudun kuwa ya danganta da kaurin jela da kuma wata rigar kitse mai suna mayalin da ke naɗe da ita gaɓa-gaɓa. Inda akwai rigar, saƙo tsalle yake yi daga gaɓa zuwa gaɓa, har ya kai mita 120 a daƙiƙa, fiye da kilomita 400 a sa'a. Inda babu, da ƙyar yake yin mita ɗaya ko biyu. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe ya san wannan a jikinsa: zafi mai kaifi ya fara isowa nan take, raɗaɗi mai nauyi ya biyo baya bayan ɗan lokaci. Hanyoyi biyu suka bi.

Fito a bakin mashigi

Da saƙo ya iso ƙarshen jela, sai ya tarar da ratar nan ta Cajal, wadda Charles Sherrington ya raɗa wa suna sinafs a 1897. A Hausa ba ta da sunan da ya fi mashigi dacewa da ita, domin kuwa kogi ne ba gada, sai an yi fito. Otto Loewi ne ya nuna irin jirgin da ake shiga, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya a 1921. Ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu suna bugawa cikin ruwan gishiri. Ya tsokani jijiyar da ke rage gudun ta farko, bugunta ya ragu. Ya ɗebi ruwan da ke cikinta ya zuba wa ta biyu, wadda ba wanda ya taɓa jijiyarta, ita ma sai ta rage gudu. Ashe jijiya wani sinadari take tsatsarwa. Daga baya aka tabbatar da cewa asitilkolin ne, wanda kuma shi ne ke isar da umurni daga jijiya zuwa tsoka.

Ga yadda fiton ke gudana. A bakin jela akwai 'yan jakunkuna cike da sinadarin. Isowar bugu takan buɗe wa kalsiyam ƙofa, shigarsa ta sa jakunkunan su zazzage kayansu cikin ratar, sinadarin ya haye ya sauka a kan waɗansu makarɓa da ke ɗaya gaɓar, su kuma su buɗe nasu ƙofofin. Duk wannan bai cika ɗaukar kaso ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba.

Mai karatu na iya tambaya, ina amfanin wannan wahala, alhali da an haɗe zaren da saƙo ya wuce abinsa? Amfanin shi ne a mashigi ake shawara. Niyuron guda tana karɓar saƙo daga dubban 'yan'uwanta, waɗansu sinadaran na cewa tashi, waɗansu na cewa dakata, ita kuwa sai ta auna wanda ya rinjaya kafin ta buga. Raga irin ta Golgi ba ta da inda za ta ce a'a. Ana ganin darajar wannan a'a a cutar tetanus, inda dafin ƙwayar cutar ke hana sakin sinadaran da ke cewa dakata a cikin laka, sai haƙora su sarƙe, jiki ya sandare. Haka kuma mashigin da ake yawan bi yakan ƙara ƙarfi, wanda aka yi watsi da shi ya raunana, kuma masana na ganin a nan ne tushen koyo da hadda yake.

Inda fiya-fiya ke sara

Saura abu ɗaya. Bayan an yi fito, dole a share mashigin domin saƙo na gaba. Akwai wani sinadari mai suna kolinestares da ke zaune cikin ratar, wanda kowace ƙwayarsa ke farfasa dubban ƙwayoyin asitilkolin a daƙiƙa guda. Shi ne abin da magungunan ƙwari dangin oganofosfet ke ɗaurewa, cikinsu har da dikulobos, wanda galibi shi ne a cikin fiya-fiyar da ake yayyafawa a ɗaki don sauro, ake kuma zuba wa wake a rumbu. Da haka yake kashe ƙwaro, kuma mashigin mutum da na ƙwaro sinadari ɗaya suke amfani da shi.

Idan gubar ta shiga jiki, ta baki ko ta numfashi ko ta fatar manomi mai feshi ba kariya, asitilkolin yakan taru a mashigai ba mai kwashewa, saƙo ɗaya ya yi ta maimaituwa. Daga nan alamun ke fitowa: yawu na dalala, hawaye da gumi na zuba, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, tsoka ta yi ta rawa kafin ta saki, zuciya kuma sau da yawa ta rage gudu daidai da zuciyar kwaɗon Loewi. Abin da ke kisa shi ne huhu ya cika da majina, tsokar numfashi kuma ta gaza.

Manja ko madara da akan ɗura wa wanda ya sha gubar ba sa isa mashigi, kuma ɗura su ko tilasta amai na iya tura ruwa cikin huhu. Abin da ya dace shi ne a fitar da mutumin sarari, a tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke fatarsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin. A can likita zai yi masa allurar aturofin, wadda ke zama a kan makarɓan zuciya da huhu da na yawu ta tare wa asitilkolin wurin sauka. Zai yi ta ƙara ta yana sauraren ƙirji, har majina ta bushe bugun zuciya ya dawo. Aturofin ba ta taɓa makarɓan tsoka, saboda haka wanda tsokar numfashinsa ta gaza sai an taimaka masa da na'ura na kwanaki, kafin jiki ya sami sabon kolinestares da zai ci gaba da sharar mashigi.