Tsaunukan Azbin a Taswira: Awo da Sunaye

Azbin, wadda Buzaye ke kira Ayar, ƙasa ce mai tudu da duwatsu a arewacin Agadas cikin Jamhuriyar Nijar. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 84,000. Tsaunukanta sun taso ne daga shimfiɗaɗɗen tudu, tsakaninsu kuwa akwai busassun kwaruruka waɗanda ba sa ɗaukar ruwa sai da damina. A kudancinta ne tudun Bagzan yake, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages ta kai mita 2,022, wato wuri mafi bisa a duk Nijar.

Sanya irin wannan ƙasa a taswira ya bi matakai uku. Na farko shi ne na matafiya. A 1850 Heinrich Barth ya ratsa ta zuwa Agadas, yana rubuta alƙibla da sa'o'in tafiya, yana kuma tambayar 'yan rakiya sunan kowane dutse da rijiya. Francis Rodd ya ƙara a kan wannan aiki a 1922. Mataki na biyu shi ne na hotunan jirgin sama, waɗanda Faransawa suka zana taswirori da su bisa ma'aunin 1:200,000, wato santimita 1 a takarda daidai take da kilomita 2 a ƙasa. A nan layukan tsayi ke bayyana siffar ƙasa: inda suka matsu da juna gangare ne mai tsanani, inda suka ware kuwa fili ne. Na uku shi ne awon da kumbon Amurka ya yi daga sararin samaniya a shekarar 2000.

To, sai dai na'ura tsayi kawai take aunawa, ba ta jin suna. Sunayen da ke kan taswirorin kunnen baƙo ne ya ɗauko su, ya rubuta da ƙa'idar harshensa. Shi ya sa Ayar ta koma Aïr, Azbin ta koma Asben. Alhali kuwa sunayen bayani ne: a Buzanci adrar dutse ne, anu rijiya, eghazer kuwa magudanar ruwa. Matafiyin da ya san ma'anarsu ya san inda zai sami ruwa.

Saboda haka akwai aiki a gaban masana harshe. Gobirawa sun ce daga Azbin kakanninsu suka taso, kuma sunayen wurare na cikin shaidun da za a iya auna wannan tarihi da su. Wajibi ne a tattara su daga bakin masu su, a daidaita rubutunsu, tun kafin kuskuren takarda ya zauna daram.