Yanar Ido: Ƙaramin Yanka Mai Dawo da Gani

A garuruwanmu, da zarar ganin dattijo ya fara hazo, sai a ce tsufa ne, a haɗa shi da jika ya riƙa yi masa jagora. Alhali sau da yawa yanar ido ce, kuma tana da magani. Binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa ita ce sanadin kashi 43 cikin ɗari na makantar 'yan shekara 40 zuwa sama.

Madubin da ke cikin ido, a bayan baƙin ƙwayar, shi ne ke dusashewa da shekaru. Babu kwalli ko maganin ɗigawa da ke wanke shi, sai dai a cire shi a sa na roba.

A da sai an yi yanka na milimita 10 zuwa 12, a ɗinke, a yi makonni ana jinya. A 1967 wani likitan Amurka, Charles Kelman, ya ɓullo da na'urar da ke farfasa madubin ta zuƙe shi ta kafar da ba ta wuce milimita 3 ba. Sai dai na'urar na da tsada, tana son tsayayyiyar wutar lantarki, kuma tana shan wuya da yanar da ta daɗe ta yi tauri, irin wadda mutanenmu suka fi zuwa da ita.

Nan ne aikin hannu ya yi rana. Likita zai kashe zafin idon, ya yi yanka na milimita 6 zuwa 7 a farin ido, ya ratsa shi a kwance, ya zaro madubin ɗungurungum. Ƙarfin ruwan cikin ido ne ke danne bakin yankan ya rufe kansa, ba ɗinki. Dakta Sanduk Ruit na Nepal da asibitocin Aravind na Indiya sun nuna cewa wannan hanya mai araha na ba da gani kusan daidai da na na'ura. Yawanci washegari ake cire bandeji.

Abin takaici, har yau wasu na miƙa idonsu ga masu tura yanar ciki da tsinke, aikin da sau da yawa ke kashe idon baki ɗaya. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga Asibitin Ido na ECWA a Kano. Kada a jira wai sai yana ta nuna. Duk mai tsoho a gida da gani ya fara gagararsa, ya kai shi a duba tun da wuri.