Hasumiyar jirgi a cikin ɗaki: in mai ba da hanya da matuƙi suka kasa fahimtar juna

Tun shekara ta 1982 kamfanin Microsoft na Amurka ya fitar da wani shiri na kwamfuta mai suna Flight Simulator, wanda ke ba mutum damar tuƙa jirgin sama na kwaikwayo yana zaune cikin ɗakinshi. A farkon lamarin sararin samaniyar wannan shiri babu kowa cikinshi: mutum ya tashi ba da izinin kowa ba, ya sauka inda ya ga dama. Sai a shekara ta 2001 aka sa mashi muryar mai kula da zirga-zirgar jirage, wato ma'aikacin da ke zaune bisa hasumiya yana ba matuƙa hanya ta rediyo. Amma wannan murya ba ta gamsar da masu son abin ba. Takan sa jirgi ya yi ta kewaya ba dalili, ko ta ba da izinin gangarowa bayan an wuce wurin. Shi ya sa wasu masu fasaha suka ƙirƙiro ƙananan shirye-shirye da ake ƙara ma babban, irin su Radar Contact da Pilot2ATC, da kuma BeyondATC da ya fito a 2024. Waɗannan ƙare-ƙare sun fi kusa da aikin gaske, amma su ne kuma suka fi hana masu su barci.

Dalili kuwa shi ne, ƙarin ba ya ganin jirgin da idonshi. Akwai wani shiri na uku da ke tsakani kamar tafinta, yana ɗauko labarin inda jirgi yake, da nisanshi daga ƙasa, da tashar da rediyonshi ke kai, yana miƙa ma mai ba da hanya. Wanda aka fi sani shi ne FSUIPC na wani Bature ɗan Ingila, Pete Dowson. A 2006 kuma Microsoft ya kawo nashi, SimConnect. In tafinta ya faɗi, hasumiya ta kurumce. Sau da yawa laifin na shirin tsaron kwamfuta ne da ya tare hanya, ko kuma kamfani ya sabunta babban shirin alhali ƙarin yana nan a tsohon fasalinshi. Wannan mai sauƙi ne: a buɗe ma ƙarin hanya, a ɗauko sabonshi.

Matsalar da ta fi wuyar ganewa ita ce wadda kowa na ji, kowa na magana, amma kowa da taswirarshi. A duniyar jiragen gaske, duk kwana 28 ake sabunta kundin hanyoyin sama: sunayen alamomin da jirage ke bi, da hanyoyin shiga da fita na kowane filin jirgi, da lambobin tashoshin rediyo. Sau 13 ke nan a shekara. Mai jirgin kwaikwayo yana da kundi a cikin babban shiri, da wani a cikin na'urar jirgin da ya saya, da na uku a cikin mai ba da hanya. In ukun nan ba na zagaye ɗaya ba ne, sai hasumiya ta ce a nufi wata alama, matuƙi ya nema cikin na'urarshi ya tarar babu ita, don an soke ta ko an sake mata suna. Wani kamfani na ƙasar Suwidin, Navigraph, yana sayar da wannan kundi ga masu biyan kuɗi a kai a kai. Wanda ba shi da halin biya, gara ya bar ukun duka a tsohon zagaye guda da ya sabunta ɗaya ya bar biyu. Tsohuwar taswira da kowa ya yarda da ita ta fi amfani a nan.

Har lambar titin saukar jirgi takan canza. Ana samun lambar ne daga fuskar da titin ya kalla bisa kamfas, a raba da goma. Titin filin jirgin Diori Hamani na Yamai, wanda matuƙa suka sani da haruffan DRRN, ana ce mashi 09 in an fuskanci gabas, 27 in an fuskanci yamma. To, arewar da allurar kamfas ke nunawa tana gusawa sannu a hankali, don haka a 2009 filin Stansted na kusa da Landan ya mai da titinshi daga 05 da 23 zuwa 04 da 22. Wanda ya sa sabon hoton wani fili a kwamfutarshi bai sake tattara jerin titunan ba, zai ji ana ba shi izinin sauka a titin da ba ya gani rubuce a ƙasa.

Sai maganar nauyin iska. Agogon da ke nuna nisan jirgi daga ƙasa da nauyin iska yake aiki, shi ya sa hasumiya ke ba matuƙi lambar da zai daidaita shi da ita. A Amurka ana faɗin ta da inci, lambar tushe 29.92, a Faransa da Nijar da galibin ƙasashe kuwa da hektofaskal, lambar tushe 1013. Kuskuren lamba ɗaya yana kawo bambancin wajen ƙafa 28. In nauyin iskar wurin 1003 ne, matuƙi ya bar agogonshi a 1013, jirgin na ƙasa da inda yake zato da kusan ƙafa 280. Mai ba da hanya zai yi ta tsawatarwa, shi kuma matuƙi yana rantsuwa yana daidai. Haka yake faruwa in ƙarin yana karanta yanayin gaske daga intanet, alhali an sa ma babban shirin rana tsaka ba iska: sai a tura jirgi titin da iska ke bugun bayanshi.

Masu kwamfuta mai aiki da Faransanci suna da tasu damuwa ta dabam. Wasu daga cikin waɗannan ƙare-ƙare suna sauraron muryar matuƙi ta hanyar kunnen da ke cikin Windows, kuma Ingilishi kaɗai aka koya masu. In ba a sa ma kwamfutar kunnen Ingilishi ba, ko mutum ya wuni yana magana babu amsa. Ga kuma waƙafi: Bafaranshe yana rubuta 118,1 inda Ba'amurke ke rubuta 118.1, kuma akwai shirye-shiryen da wannan ɗan bambanci kaɗai ke rikitawa.

In duk an duba ba a gano ba, gogaggu ba su goge komai su sake daga farko. Sukan fitar da rabin ƙare-ƙaren daga ma'ajiyarsu, su gwada. In ciwon na nan, mai laifin na cikin waɗanda suka rage. In ya tafi, yana cikin waɗanda aka fitar. Sai a sake raba rabin nan biyu. Mai ƙari 64, gwaji 6 ya ishe shi.

Wani zai ce duk wannan wahala saboda wasa? Da yawa daga cikin samarin da ke wannan wasa aikin jirgi suke hange, kuma abin da baki ya saba da shi yana da wuyar bari. Ƙarin da ke karɓar kowace irin amsa, ko wanda mai shi ya kashe mashi kunne don ya huta, yana koya ma yaro ya tashi ba tare da ya maimaita umurnin da aka ba shi ba. Ran 27 ga Maris 1977, a filin Los Rodeos na tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo bisa titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Matuƙin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi, hasumiya kuwa ba ta ba shi ba. Bayan wannan haɗari aka gyara ƙa'idar magana: ba a ambaton kalmar tashi sai lokacin ba da izinin ko soke shi. Shi ya sa wasu ke barin muryar na'ura su koma ƙungiyoyin IVAO, da aka kafa a 1998, ko VATSIM, ta 2001, inda mutane ƴan sa kai ke zama hasumiya ta intanet, su gyara ma wanda ya maimaita lamba ba daidai ba.

Aikin na gaske kuwa a Yamai ake koyon shi. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa ran 12 ga Disamba 1959 a Saint-Louis ta Senegal, tana da makarantar EAMAC a babban birnin tun 1963, inda ake horar da masu ba da hanya na ƙasashen hukumar. Can ma da na'urar kwaikwayo ɗalibi ke farawa kafin a ba shi makirufo na gaske, da Faransanci da Ingilishi duka. Sa'o'in da mutum ya yi a ɗakinshi ba su shiga lissafin takardar shaida, kuma shiga makarantar sai da jarrabawa.