Ko ka sani? Kamfanoni shida ne kacal ke ƙera ƙwayoyin SSD na duniya

Ko ka san cewa ƙwayoyin da ke riƙe bayanai a cikin kusan kowace SSD (ma'ajiyar bayanan kwamfuta) da ke duniyar nan daga hannun kamfanoni shida kacal suke fitowa? Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, Kioxia ta Japan, Micron da SanDisk na Amurka, sai YMTC da ke birnin Wuhan na ƙasar Sin. Lissafi ya ƙare ke nan. In ma za a tsananta, ba su cika shidan ba, domin Kioxia da SanDisk tarayya suke yi a kan masana'antun garuruwan Yokkaichi da Kitakami, su ƙera tare su raba.

Wannan abu yana burge ni matuƙa. Shiga shagon masu kwamfuta a Beirut Road ta Kano ko Banex ta Abuja, ka ga sunaye jere a cikin gilashi: KingSpec, Netac, Fanxiang, Goldenfir, KingDian, wasu ma ba ka taɓa jin su ba. Babu ko ɗaya cikinsu da ke da masana'antar ƙera ƙwaya, don gina guda ɗaya sai an zuba biliyoyin daloli. Sayo ƙwayoyin suke yi daga waɗancan shida, su sayo ƙwaƙwalwar da ke sarrafa su daga Phison ko Silicon Motion na Taiwan ko Maxio na Sin, su harhaɗa a kan ɗan allo, su manna sunansu. Hatta Kingston, duk girman sunanta, ba ta ƙera ƙwayar kanta. Kamar shinkafa ce da ta fito daga injin casa ɗaya, kowane ɗan kasuwa ya kawo buhunsa aka zuba masa. Saboda haka wannan 'yar SSD mai araha da kake yi wa kallon raini, ba mamaki a buɗe ta a iske ƙwayar Micron ko ta Kioxia kwance a ciki.

To in haka ne, daga ina arahar take fitowa? Ƙwayoyin a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300 ake ƙera su, ɗaruruwa a faifai guda, kuma ba duka ke fitowa da kyau ɗaya ba. Sai a gwada su, a ware. Na sahun farko kamfanin ya riƙe wa kansa da manyan abokan cinikinsa, waɗanda suka gaza kai wa mizani a sayar da su da rangwame. Micron har reshe guda gare ta mai suna SpecTek wanda wannan ciniki ne aikinsa. Ƙwayar sahu na biyu tana aiki, sai dai ba a yi mata alkawarin tsawon rai irin na ta farko.

Sannan akwai maganar cunkoso. Kowace ƙwaya cike take da gurabe ƙanana da ake tsare caji a cikinsu. A da, gurbi ɗaya abu biyu kawai yake nunawa, ko da caji ko babu, ana kiran wannan SLC. Yau akwai TLC mai matakin caji 8, da QLC mai mataki 16 a gurbi guda wanda ido ba ya iya gani. Tunani kawai ka yi: a bambance mataki 16 a wuri irin wannan, a kuma karanta shi daidai bayan shekaru! Amma cunkoson nan yana da farashi. SLC ta da takan jure gogewa da sake rubutu har kusan sau 100,000, QLC kuwa da ƙyar take kai wa 1,000, ga shi rubutu a kanta akwai nawa. Dabarar da ake yi don ɓoye nawar ita ce a ware wani sashe ya riƙa aiki kamar SLC. Ka fara kwafar manyan fayiloli, ka ga gudu kamar walƙiya, sashen nan na cika sai gudun ya faɗo, a wasu har ƙasa da megabayit 100 a daƙiƙa, wato tsohon faifai mai juyawa ma ya fi ta sauri a wannan lokacin. Gudun da aka rubuta a bayan kwali na wancan ɗan sashe ne.

Mutumin da ya ƙirƙiro wannan ajiya duka, Fujio Masuoka, injiniya ne a kamfanin Toshiba, kuma a 1987 ya gabatar da nau'in NAND da ake amfani da shi har yau. Daga baya ya koma koyarwa a Jami'ar Tohoku, ya kai kamfanin ƙara kan hakkinsa, aka sasanta a 2006 a kan yen miliyan 87. Ni dai a ganina an ƙware shi, idan aka duba cewa babu waya ko kwamfutar zamani da ba ta ɗauke da ƙirƙirarsa.

Abin da ya fi damuna da masu arahar shi ne sauya kayan ciki ba tare da sauya suna ba. Manya ma an kama su da wannan. A 2014 an gano Kingston ta sauya ƙwayoyin SSD ɗinta mai suna V300 da wasu masu nawa, a 2021 kuma Crucial ta mayar da tata mai suna P2 daga TLC zuwa QLC, suna yana nan yadda yake. To ina ga ƙaramin kamfani da ke sayen duk ƙwayar da ta yi sauƙi a kasuwa a wannan watan? Kai da abokinka sai ku sayi iri ɗaya, kwali ɗaya, tasa ta yi shekaru garau, taka ta fara gardama. Yawancin masu arahar kuma ba su da 'yar ƙwayar DRAM da ke riƙe taswirar inda kowane bayani yake, shi ya sa sukan yi nauyi idan aiki ya taru. Taswirar nan ce kuma kan lalace idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, sai ka ga kwamfuta ta ce ba ta san SSD ɗin ba alhali ƙwayoyin lafiyarsu lau. Mai kwamfutar tebur a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama ya kamata ya san wannan.

Su kansu ƙwayoyin, idan masu kyau ne, juriyarsu ta wuce tunani. Daga 2013 zuwa 2015 masu binciken The Tech Report sun ɗauki SSD shida suka yi ta rubutu a kansu dare da rana don su ga ranar mutuwarsu. Babu wadda ta mutu kafin ta haura terabayit 700. Ta ƙarshe, Samsung 840 Pro mai gigabayit 256, sai da ta haɗiye fiye da terabayit 2,400. Mai rubuta gigabayit 20 kullum sai ya shekara sama da 300 kafin ya kai nan! Sai dai fa duka shidan na sanannun kamfanoni ne, kuma babu QLC a cikinsu.

Jabu kuwa babinsa daban. A 2022 an yi ta tallar wata SSD wai mai terabayit 30 a kan dala 30 da 'yan kai, da aka fasa sai ga ƙananan katunan ajiya irin na waya an liƙe da gam, an koya musu yi wa kwamfuta ƙaryar girmansu. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika ma'ajiya da bayanai ta sake karantawa, nan take asiri ke tonuwa.

Zafi ma abin lura ne a wurinmu, domin cajin da ke cikin gurabe yoyo yake yi a hankali, zafi kuma na ƙara masa sauri. Ƙa'idar hukumar JEDEC ita ce SSD da ta cinye adadin rubutunta ta riƙe bayanai shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Sakkwato da Maiduguri kan haura 40 a watan Afrilu.

Idan tsohuwar kwamfuta kake son farfaɗowa da ita, SSD mai araha ta ishe ka, za ka ga bambanci tun daga kunnawa. Ka nemi mai TLC, ka gwada ta ranar da ka saya tun kana iya mayarwa, kada ka cika ta maƙil. Amma hotunan biki, kundin digiri da lissafin shago, mai karatu, ka tabbata suna da kwafi na biyu a wani wuri, ko da kuwa sunan Samsung ne a jikin ma'ajiyar.