GIGIN TSUFA CIWO NE, A KAI TSOHO LIKITA DA WURI

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Dancawo, a karkararmu in tsohuwa ta fara ɓacewa a hanyar rijiya, ko ta manta sunan jikanta, sai a ce tsufa ne. Wani lokaci har a jefe ta da maita. To, ku sani sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Wani likitan Jamus mai suna Alzheimer shi ya bayyana irin da ya fi yawa a 1906.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke da ciwon, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi. A ƙasar Hausa ma akwai shi: a binciken da likitocin Zariya suka fitar a 2011, cikin tsofaffi 322 an samu wajen 3 cikin 100.

Yaya ake gane shi? Da tambayoyi ake farawa, kuma ba sai tsoho ya iya karatu ba. Likita ya faɗa masa kalmomi kaɗan, jim kaɗan ya ce ya maimaita. Ya tambaye shi ranar mako da sunan garinsu. Ya ce ya lissafa dabbobin da ya sani cikin minti 1. Sannan ya tambayi wanda ke zaune da shi abin da ya canza.

An ƙara samun ci gaba. A watan Mayu na 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da awon jini na farko mai taimakawa a gano ciwon Alzheimer ga mai shekara 55 ko fiye da ya fara nuna alamu. A da sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa mai tsada ko an ɗebi ruwan ƙashin baya.

Mene ne amfanin ganewa da wuri, tunda ba a samu maganin warkar da shi ba? Na farko, akwai mantuwar da ke warkewa, kamar wadda ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo ko baƙin ciki ke kawowa. Na biyu, kula da hawan jini da ciwon suga yana kare ƙwaƙwalwa. Na uku, tsoho zai nuna iyakar gonarsa, ya faɗi bashin da ke kansa tun yana cikin hankalinsa, kada magada su yi rigima.

Saboda haka, in kun ga alamun nan ku kai shi likitar Dancawo. In da hali a tura ku Magarya ko Damagaram. Kada a ɗaure shi, kada a bar yara su yi masa dariya. Allah ya ba mu tsufa mai kyau, amin.