Dalilan Da Kan Sa Rumbun Ajiya Ya Ɓuya Wa Kwamfutocin Gida

Rumbun ajiya wata na'ura ce da ake jonawa da na'urar rarraba intanet ta gida, domin kwamfutocin gidan su riƙa adana takardu a wuri guda. Akan wayi gari a neme shi a rasa, har mai shi ya ɗauka aikin shekaru ya salwanta, alhali kuwa yana nan daram.

Da farko dai, sai a duba ko wayarsa ta shiga sosai, kuma ko shi da kwamfutar suna kan hanyar sadarwa ɗaya, domin hanyar da aka keɓe wa baƙi galibi ba ta barin na'urori su ga juna. Na biyu, Windows takan daina neman na'urori muddin ta ɗauki hanyar a matsayin ta jama'a, don haka sai a mayar da ita ta gida.

Na uku kuwa, tsofaffin rumbuna da ƙa'idar SMB1 suke magana. Ta wannan kafa ce cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150 a 2017, kuma a shekarar ne Microsoft ta fara cire ta daga Windows 10. Maido da ita tamkar buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. Abin da ya fi shi ne a sabunta manhajar rumbun, a kunna SMB2 ko SMB3.

Daga ƙarshe, a rubuta lambar adireshinsa kai tsaye, misali \\192.168.1.20. In ya buɗe, to rumbun lafiyarsa ƙalau, sunansa ne kawai bai fito ba.